An Yi Sunan Ɗana Ina Riƙe da Waya

Salamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Habu ne daga Waca.

Ina aikin gini a Aljeriya matata ta haihu. Na ƙudura ni zan faɗi sunan yaron da bakina ta kiran bidiyo, don haka ban gaya wa kowa ba. Na yi ta bin shaguna ina gwada gudun intanet, har na sami inda ba ya tsinkewa.

Ranar suna da safe na kira yayana. Ga liman, ga jama'a, ga rago an kayar, sai hoto ya tsaya cak. Ashe nawa gefen kaɗai na gwada, na manta da raunin layin waya na Waca! Ina jin Yaya yana cewa, "Habu, faɗi mana, Malam na jira!" Ina ta ihu, ba ya ji na. Rana ta ɗaga, mutane za su gona, sai Kawu ya ce a sa masa Idi. Kafin layi ya dawo an shafa fatiha.

Ni kuwa sunan marigayi mahaifina na ɓoye. Jama'a, in canja in ɓata wa Kawu rai, ko in haƙura? Kowa Idi yake ce masa, ni har yau bakina ya ƙi.