Hanta a Ruwan Sanyi

A ɗakin jira na filin jirgin saman Abuja, Safiyatu ta zauna kusa da wani dattijo mai ledar magunguna a cinya. Shi ya fara magana.

"'Yata, Indiya za ki?"

"Eh, Baba. Yayana ke kwance a can, zan ba shi ɓangaren hantata."

"Ni ma dashen aka yi mini, dubawa zan koma. Kada ki ji tsoro, taki za ta sake cikowa."

"Ba yankan ke damuna ba. Idan sun ciro ta, ba za ta lalace ba kafin su saka masa?"

"Ba ta lalacewa. Wani ruwa mai sanyin gaske suke ɗura mata ta jijiyoyi, ya wanke jinin tas, ta yi lamo kamar mai barci. A haka take jira har a gama shirya shi."

Safiyatu ta ce, "To, gara haka. Da bakinsa yayan nawa ya ce babu jini tsakaninmu, ranar da na auri wanda ba ya so."

"Ya san ke ce za ki bayar?"

"Matarsa ta ce kada a faɗa masa tukuna. Kai wa ya ba ka, Baba?"

"Ƙanena. Mu ma lokacin ba ma ga-maciji."

"Yanzu fa?"

Dattijon ya gyara zaman ledarsa. "Yakan aiko da gaisuwa ranar Sallah, ta bakin yara."

Aka kira jirginsu. Safiyatu ta ɗauki jakarta, ta shiga layi a bayansa.