Kajin Malam Sharhabilu Sun Ba da Shaida

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Mai girma shugaban ƙungiyar masu kiwon kaji, Alhaji Tayyib. Malam Liman, Allah ya ƙara maka lafiya. Wakilan ofishin gona na Batsari da Safana. 'Yan'uwanmu na Runka da kuka sha girgizar a-kori-kura tun da hantsi. Iyayenmu mata da ke can ƙarƙashin rumfa. Da sauran jama'a, waɗanda suka zo don taro da waɗanda suka zo don shinkafa, ina gaishe ku baki ɗaya.

Ni ne Mani, kakan Bara'atu. Ina godiya da aka ba ni dama bayan an ci abinci, domin na lura mutumin Batsari ya fi fahimtar magana idan ya ƙoshi. Godiya ta musamman ga ƙanena Malam Sharhabilu, wanda ya ba da kajin da muka ci. Allah ya saka da alheri. Zan dawo kansu.

Jama'a, farin ciki ya yi mini yawa. Jikata, amaryata da ta ƙi ni saboda furfura, ta gama jami'a, ita ce ta ɗaya a fannin kiwo. Yau kuma za ku ɗaga hannu: ko ta zama malamar da za ta riƙa duba kajinmu, ko a ce mata ta koma gida. Kun san abin da ya kawo gardama. Littafin da ta rubuta a kan abincin alade ne.

Magana ta farko. Ba ita ta zaɓa ba, malaminta ne ya ba ta. Ba ta ci ba, ba ta kawo ko ɗaya gida ba, ba ta kuma ce wani ya kiwata ba. Amma ranar da littafin ya iso, Malam Sharhabilu ya ɗauka, ya duba bango, ya sake shi kamar ya taɓa garwashi. Ya ce mini, "Yaya Mani, ilimin da ya bi ta garken alade, ƙwan da zai haifar ma akwai shakka a kansa." Na ce, "Ƙanena, ka buɗe ciki?" Ya ce, "Allah ya kiyaye!" Mutum ne mai difloma, ya gama littafi mai shafi casa'in a tsaye, cikin numfashi ɗaya.

Ni kuwa sai da na kai shekara hamsin da takwas na shiga ajin yaƙi da jahilci, bayan la'asar, a kan bencin yara. Ban iya irin wannan saurin ba. Da yatsa nake bi. Wata huɗu na yi ina bi, amarya tana fassara mini Turancin tana yi mini tsiya, har na kai shafin ƙarshe.

Magana ta biyu, abin da na tarar a ciki. Ashe ɗan alade, idan aka yaye shi, cikinsa ba ya da isasshen tsami. Sai ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, sai zawo, sai mutuwa. Masana suka gano cewa idan aka sa ɗan tsami a abincinsa ko ruwansa, daidai gwargwado, ciki zai gyaru, abinci ya narku, cuta ta rasa masauki. Na ce, "Amarya, wane irin tsami?" Ta ce, "Kaka, irin wanda ke cikin lemun tsami, da na nono, da na ruwan da ake jiƙa gero." Na ce, "Yanzu shekara biyar kika yi a jami'a don ki gano ruwan gasarar kakarki?" Ta ce, "Kakata ba ta san awo ba. Idan ya yi yawa dabba ta ƙi ci, idan ya yi kaɗan aikin banza. Awon na je na koyo." A babin ƙarshe kuma ta nuna cewa ana yi wa 'yan tsaki haka.

Na je wurin Malam Liman, ga shi nan zaune. Ya tambaye ni, "Akwai wani abu na jikin alade a ciki?" Na ce babu. Ya ce, "To ina matsalar?" Idan duk abin da ya amfani alade ya haramta, jama'a, sai mu bar koko, mu bar kunun tsamiya, mu bar masara. Ruwan sama ma na ji an ce yana sauka a kansu.

Magana ta uku ba ta dariya ba ce. Shanunmu sun tafi daji tare da waɗanda ba su kiwata su ba. Gonakin nesa mun bar su. Kaji ne suka rage mana, su ne abincin marayun da ke gidajenmu. Bara, 'yan tsaki nawa muka kwashe da shebur? Kuma me muke ba su? Kafso na mutane, ja da rawaya, muna farkewa a ruwa, ba awo ba tambaya. Wannan ba wanda ya taɓa kai wa liman.

Yanzu ga kajin da na ce zan dawo kansu. A taron watan jiya Malam Sharhabilu ya ɗaga zakara sama, ya ce, "Ku dubi ƙirji! Ku dubi cinya! Wannan kiwon iyaye da kakanni ne, ba ruwansa da littafin kowa." Muka yi tafi. Gaskiya ya faɗa a kan cinyar, yau kun tabbatar.

Abin da bai sani ba, shi kasuwa yake wuni, mai ɗakinsa Hajiya Tasalla ce ke ba kaji ruwa. Da zawo ya shiga akurkinsu wata uku da suka wuce, ta yafa mayafi da rana tsaka ta zo wurin Bara'atu da galan. Tun daga ranar take bin awon. Na nemi izininta kafin in faɗa. Ta ce, "Faɗa, Yaya Mani. Na gaji da jin ana yaba wa kakanninsa aikina." Ga ta can tana gyaɗa kai.

Zauna, ƙanena, zauna. Na ga ka ci cinya biyu, ba abin da ya same ka.

Saboda haka, shugaba, a yi ƙuri'a. Wanda ke da shakka, ban hana shi shakkarsa ba. Roƙona ɗaya ne: kada kowa ya wanke hannu tukuna. Hannun nan da ke ƙyalli da maiƙon kaza, shi nake so a ɗaga, ko a ɓoye shi a aljihu muna kallo.

Allah ya raya mana 'yan tsakinmu, ya dawo mana da zaman lafiya a Batsari da Safana da Runka. Allah ya yi wa Bara'atu albarka, ya ƙara wa Hajiya Tasalla haƙuri, ya ba masu difloma ikon buɗe shafi na biyu. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.