Ragon da Aka Dawo da Shi

Ruwan sama ya tsare mu a rumfar mai shayi a Ogbete. Wani mahauci ya shigo yana jan rago, ya zauna kusa da wani dattijo.

"Baba, ka taɓa ganin an mayar wa mutum kyautar Sallah? Sabon mai karɓar nama ne a otal ɗin da nake kai wa kaya. Wai dokar kamfani ta hana. Ɗan'uwanmu Bahaushe fa!"

"Ikon Allah. Kun daɗe tare?"

"Ko gidansa ban sani ba, ɗan okada ne ya nuna min."

"To me ya kawo rago?"

"Zumunci mana! Malam Kallamu da ke kujerar kafin shi, duk Sallah sai na kai masa. Bai taɓa ɗora namana a sikeli ba."

"Yana nan da rai?"

"Yana Coal Camp. Tun da aka sallame shi, ko cefane gagararsa yake yi."

Dattijon ya kurɓi shayi.

"To ga rago, ga Coal Camp nan kusa. Kai masa mana."

Mahaucin ya ƙara naɗe igiyar a hannunsa.

"Haba Baba, shi kuma yanzu a kan me?"