Ɗakin Kusa da Tsohuwata

A kasuwar Madawa, Jika ya sauke ƙunshinsa kusa da wata dattijuwa da fari ya koro, tana neman garin zama.

"Inna, Garhanga za ki! Ruwan rijiyarmu kamar zuma. Baɗi hanyar mota za ta ratsa mu, har lakwal, makarantar boko, za a gina."

"Kai ɗan nan, bakinka bai hutawa. In garin da daɗi haka, ina za ka da kaya?"

"Sakkwato, ci-rani. Samarinmu duk mun watse."

"To mi yas sa kaka yi mini talla?"

Jika ya sosa ƙeya. "Tsohuwata na baro ita kaɗai. Ɗakin kusa da nata ba kowa."

Dattijuwar ta yi dariya. "Tana da surutu?"

"Ta hi ni."

"To nuna mini hanyar."