Hannun Mai Feshin Albasa

A tashar Bodinga, wani manomin albasa na zaune bisa benci, ƙwaryar nono tana rawa a hannunsa. Wata ma'aikaciyar asibiti mai jiran motar Shagari ta dube shi.

"Baba, lafiya hannun nan?"

"Feshi na yi da safe, ɗiyata. In na sha nono zai sake ni, gobe in ƙarasa."

"Nono ba ya kashe wannan dafi. Jijiyoyin jiki ba a haɗe suke ba, akwai 'yar rata tsakaninsu. Wannan ta zuba wani sinadari, ta gaba ta karɓi saƙo, sannan jiki ya share sinadarin. Maganin feshi ke hana sharewar, sai saƙo ya yi ta zuwa, tsoka ta yi ta rawa."

"Shekara goma ina feshi, nono bai taɓa ba ni kunya ba."

"Miyau ba ya cika maka baki?"

Ya goge baki da hannun riga, ya ce:

"To ƙwarin hwa, mi ka kashe su?"

"Wannan abin dai da ke sa hannunka rawa, Baba."

Ya daɗe yana kallon yatsunsa.

"Nakan tsaya in ga tsutsa na murƙususu bisa ganye, in ce magani ya yi kyau." Ya aje ƙwaryar. "Asibitin naku, ana ganin mutum yau?"