Dinari Talatin Kafin a Karye

A bencin ƙofar ɗakin ajiyar takardu na kotun lardinmu, wata dattijuwa mai suna Mabruka ta matsa wa wani mai jar hula ya zauna.

"Me ya kawo ki, Hajiya?"

"Fayil nake nema. Mai matsar man da na sayar wa zaitun ne ya karye. An ce sai na kawo lambar shari'arsa kafin a sa ni cikin masu binsa bashi. Zuwana huɗu ke nan, yau kuma wai mai makulli ya tafi gona. Kai fa?"

"Sunana Shadli, shagon taya gare ni. Karyewar na zo yi."

Ta janye jakarta zuwa kan cinya. "Ashe kai ma irinsu ne!"

"Haba Hajiya, ni tsakani da Allah na karye. Sai dai magatakarda ya ce sai na biya dinari talatin kafin a rubuta ba ni da komai."

"To ka biya mana."

"Da ina da su me zai kawo ni? Ko za ki ranta min?"

"Ni? Yaushe za ka biya?"

"Biya kam babu. Amma wallahi sunanki zan fara rubutawa cikin masu bina, gaban banki ma."