Teburin Nicanor Ya Zama Biyu

"Kai ka ɓata min ɗaki!" Wata tsohuwa, Doña Eufrosina, ta tare wani mutum a shagon kayan gini na garin Tlacolula, ana jibi ranar da a al'adarsu matattu kan ziyarci gida sau ɗaya a shekara.

"Ni, Iya? Ƙusa na zo saya."

"Ba kai ka ce in manna madubi a bango ɗaki ya ƙara faɗi ba?"

"Ban taɓa ganinki ba. To, bai ƙara ba?"

"Ya ƙara! Teburin abincin da na shirya wa marigayi mijina ya zama biyu. Hoto biyu, burodi biyu. Nicanor da ko da ransa ɓata hanyar gida yake yi, wanne zai nufa? Ya koma da yunwa har baɗi?"

"To ki cire."

"Da wannan gam ɗin naku? Sai dai bangon ya biyo shi."

"Ki rufe shi da zane mana."

"In rufe madubi, maƙwabta su taho gaisuwar mutuwa? Ai sai an yi rasuwa ake rufe shi. Wa ya mutu kuma, ni?"

Mutumin ya sosa ƙeya.

Ta ce, "In ba kai ba ne, nemo min mai gashin baki irin naka da ya ba ni shawarar. Jibi ya zo ya tsaya bakin ƙofa, ya nuna wa Nicanor teburin gaskiya!"